An saki ƙanwata ta WhatsApp, an riƙe yara, kuma an kama Baba a madadin ƙaninmu

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada a nan Zariya ta turo min wannan tambayar, ga ta a taƙaice: "Barista dan Allah a taimaka mana. Mijin ƙanwata ya turo mata saki ta WhatsApp, ya hana ta yaranta biyu, namiji ɗan shekara 6 da mace 'yar shekara 3, ya kulle kayan ɗakinta ya ce sai an dawo mashi da lefenshi. Ƙaninmu ya je gidan suka yi faɗa har ya fasa mashi baki, shi kuma ya kai ƙara caji ofis, da 'yan sanda suka zo ba su samu yaron ba sai suka tafi da Baba, yau kwana biyu kenan, kuma an ce sai mun kawo dubu hamsin kuɗin beli. Ina za mu sa kanmu?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo sauƙi, ya sa kaffara ne. Na karanta saƙonki har sau biyu kuma abin da na fara gani shi ne kun tara rigima uku a tukunya ɗaya kuna dafawa, alhali kowacce ƙofarta daban. Maganar Baba daban, maganar ƙaninku daban, maganar saki da yara da kaya kuma daban. Mijin nan da gangan ko ba da gangan ba ya cakuɗa maku su ne yadda za ku ji kamar in kuna son a sako Baba to sai kun haƙura da yara da kaya, kuma wallahi na ga gidaje da yawa a garin nan sun faɗa wannan ramin, an sa hannu a wata takardar "sulhu" a kan teburin ɗan sanda da ƙarfe goma na dare, daga baya a zo ofis ana kuka. To bari mu warware su.

Na fara da Baba saboda shi ne a tsare, kuma dattijo ne. Kama mutum a madadin wani haramun ne a dokar Najeriya, babu wani kwana-kwana a ciki. Sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya faɗa ƙarara cewa ba a kama wani a madadin wanda ake zargi, haka sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, kuma jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017 a kan wannan tsarin. Baba bai daki kowa ba, haihuwar wanda ya yi dukan kuma ba laifi ba ne. Sannan ko da a ce shi ne ma ya yi dukan, sashe na 35 na kundin tsarin mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Ki faɗa min wane lungu ne a Zariya, daga Samaru har Ƙofar Gayan, da zai kai kilomita 40 tsakaninshi da kotu? Babu. Kenan tun jiya ma riƙon ya wuce ƙa'ida.

Kuɗin beli kuma, Hajiya beli a wajen 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suke rubutawa a bango. Na san za ki ce Barista ai rubutun bango daban abin da ke faruwa daban, gaskiyarki, ni ma a garin nan nake ba daga duniyar wata na sauko ba. Amma dalilin da ya sa abin ke tafiya haka shi ne mutane na zuwa a rikice, ba wanda ya san haƙƙinshi, kowa burinshi kawai a fito da nashi kafin magariba. Ranar da kika je da lauya, ko ma ba lauya ba, wani mai natsuwa da ya iya magana ya ce a haɗa shi da DPO, ya tambaya cikin ladabi wane laifi ake tuhumar dattijon nan da shi, a nuna mashi inda aka rubuta, za ki ga murya ta sauka. Kar ku yi hayaniya a gaban kantar 'yan sanda, kar ku zagi kowa, kar ku ɗaga waya kuna ɗaukar bidiyo a fuskarsu, wannan sai ya haifar maku da sabon kes. In DPO bai saurare ku ba akwai Eriya Kwamanda a samanshi, akwai kwamishina a Kaduna, a rubuta takardar koke a ajiye kwafi. In duk an ƙi to lauya zai shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a babbar kotu, kuma ƙaramin sashe na 6 na wannan sashe na 35 ɗin ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Yawanci ba a ma kai nan, da an ji ƙamshin takardar kotu ake sakin mutum.

Wani abu kuma da mata ba su sani ba, in an ce a kawo mai tsayawa, ke ma kina iya tsayawa. Sashe na 167 na dokar 2015 ɗin nan ya hana a ƙi karɓar mutum a matsayin mai tsayawa don kawai mace ce. Sau nawa na ga an ce ma mace je ki kawo namiji, ta yi ta yawo a adaidaita tana neman kawu ko mai unguwa har dare ya yi. Amma ki san me kike sa hannu a kai, mai tsayawa alƙawari yake ɗauka zai kawo mutum duk ranar da aka neme shi, in ya gudu ke za a tambaya.

Yanzu ƙaninku. A nan fa sai kin yi haƙuri da ni domin ba zan goyi bayanshi ba. Na fahimci zafin zuciya, ɗan'uwa ya ga an wulaƙanta 'yar'uwarshi, amma shiga gidan mutum ka fasa mashi baki laifi ne a dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka, ta jihar Kaduna ta 2017, kuma da wannan naushin guda ɗaya ya ɗauki mutumin da ba shi da gaskiya ya maida shi mai ƙara. Ɓoye shi da kuke yi ba dabara ba ce, shi ya jawo aka ɗauki Baba, kuma duk kwanan da ya ƙara a ɓoye yana ƙara ɓata ma kanshi suna ne a gaban alƙalin da zai duba belinshi gobe. Ku nemo shi, ya je da ƙafarshi tare da lauya, da safe, kuma ba ranar Juma'a ba, dan Allah ba ranar Juma'a ba, domin in abu ya karkace sai Litinin kotu za ta zauna.

In ya je, yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauyanshi, tsarin mulki ne ya ba shi. Kar ya sa hannu ko ya dangwala a sitatimen ɗin da bai karanta ba ko ba a fassara mashi da Hausa ba. Wannan takardar da mutane ke rainawa ita ce ke bin mutum har ƙarshen shari'a, na sha zama a kotu ina jin an karanto ma mutum abin da "ya faɗa" yana rantsuwa bai taɓa jin maganar ba, amma ga sa hannunshi a ƙasa. Ikirarin da aka karɓa da duka ko barazana dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓa ba, kuma akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, sai dai tabbatar da cewa an doke ka ɗin aiki ne babba, gara tun farko kar a kai nan.

Girman laifin ya danganta da raunin. In fashewar leɓe ce kawai da kumburi, wannan ƙaramin rauni ne, kotun majistare ce za ta ji, beli ba ya wahala, kuma irin laifin da ake iya sasantawa ne a biya kuɗin magani a rufe magana da sanin kotu. In kuwa haƙori ya fita ko ƙashi ya karye to ya koma babban rauni, hukuncinshi ya fi nauyi. Saboda haka ku bincika ku san me takardar asibiti ta ce. Sulhu a nan abu ne mai kyau kuma ni ina ƙarfafa shi, a samu manya, limamin unguwa ko mai unguwa, a ba mutumin haƙuri a biya mashi magani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sharaɗin janye ƙara shi ne ƙanwarki ta yafe yara ko kayanta. Ɗan sanda ba alƙalin aure ba ne, sashe na 32 na dokarsu ta 2020 ma ya hana su kama mutum a kan rigimar da ba laifi ba ce, irin bashi da saɓa yarjejeniya. Maganar lefe da kujeru ba aikin caji ofis ba ne sam.

To mu zo kan gundarin maganar, wanda shi ne ya fi daɗewa ana jinyarshi. Tunda aurensu na Musulunci ne, kotun shari'ar Musulunci ce hurumin, kuma kotunanmu a kan mazhabar Malikiyya suke tafiya, za ki ji alƙali na jawo littattafanta irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa.

Saki ta waya ya saku? In shi ya rubuta da niyyar saki kuma ya tura, e ya saku, rubutu rubutu ne ko a takarda ko a WhatsApp. Inda rigima ke tasowa shi ne in ya zo ya ce ba shi ya rubuta ba, ko an ɗauki wayarshi ne, ko ya goge saƙon. Don haka yau ɗin nan ƙanwarki ta ɗauki hoton saƙon yadda lambarshi da rana da lokaci za su fito, ta tura ma mutum biyu, kuma kar ta canza wayar ko ta goge hirar don haushi. A kotu alƙali zai tambaye shi, in ya amsa shi kenan ikirari ya wadatar, in ya musa sai a koma shaidu da rantsuwa. Ba ki faɗa min saki nawa ya rubuta ba kuma wannan shi ne kan gaba. In ɗaya ne ko biyu, tana cikin idda har yanzu matarshi ce ta wata fuskar, yana iya yin kome, wato ya maida ta, kuma ci da sha da wurin kwananta suna kanshi har ta gama idda, tsarki uku ga mai al'ada, mai ciki kuma sai ta haihu. Asali ma a ɗakinta ya kamata ta yi iddar, ayar farko ta Suratud Dalaƙ ta ce kar a fitar da su daga gidajensu, amma mu a ƙasar Hausa da an ce na sake ki sai a jawo mayafi a kama hanyar gida, mun maida al'ada ta fi ƙarfin nassi. In kuma uku ya rubuta a kalma ɗaya, a Malikiyya uku ne, na san akwai malaman da ke lissafa shi ɗaya, to wannan kar ku yanke a tsakar gida kuma kar ku bi malamai ɗaya bayan ɗaya kuna neman wanda zai faɗi abin da kuke so, ku bar kotu ta tabbatar ta ba ta takardar shaidar saki. Takardar nan za ta yi mata amfani ranar da wani auren ya zo.

Maganar yara ita ce inda aka fi zaluntar mata kuma aka fi yi masu ƙarya. Za ki ji ana cewa ai 'ya'ya na uba ne, da an yaye yaro sai a maida shi gidansu, ko a ce in ya kai shekara bakwai uba zai karɓa. A Malikiyya ba haka ba ne. Riƙon yara, wato hadana, haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Kin ji fa, har ta tare. Kenan ɗan shekara 6 da 'yar shekara 3 babu ma abin tattaunawa, wajen uwarsu za su zauna sai in ya kawo hujjar da ke nuna ba ta cancanta ba, kamar taɓin hankali, ko rashin amana, ko wurin da take zaune akwai cutarwa ga yaran, kuma shi zai tabbatar, ba wai ya buɗe baki kawai ya ce ba ta da tarbiyya ba. In ta yi wani aure da wanda ba muharramin yaran ba kuma ta tare, riƙon ya faɗi daga hannunta, amma ko a nan ba uban ne ke biye ba, mahaifiyarku ce, wato kakarsu ta wajen uwa, ana bin dangin uwa mata tukuna kafin a gangaro ɓangaren uba. Ke kanki Hajiya kina cikin layin, tunda ke innarsu ce. Maza da yawa ranar da suka fara jin wannan a kotu har gumi suke yi.

Shi kuma uba waliyyi ne, wannan ba a ƙwace mashi. Shi ke da alhakin ci da sha da sutura da magani da karatunsu ko suna ina, kuma yana da haƙƙin ganin 'ya'yanshi da sa ido a tarbiyyarsu, kar ku ce za ku rama ku hana shi. Kuɗin ciyarwa kotu ce ke yankawa gwargwadon samunshi da halin rayuwa, babu wani adadi da aka ƙayyade ma kowa. Shawarata ita ce ta je da lissafi a rubuce, kuɗin makarantar boko da islamiyya, abinci, magani, da rasit in akwai, kuma ta san me yake yi, albashi ne ko shago ne a kasuwar Sabon Gari ko noma. Domin ranar kotu kowane miji talaka ne, wanda jiya ya sauya mota yau zai ce ko na cefane ba shi da shi. Kuma ta roƙi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta asusun banki, a bar shaida. Akwai wata da na taɓa tsaya mawa, an yanke kuɗi lafiya lau amma aka bar shi a kan zai riƙa aikowa da yaro, wata uku aka aiko, na huɗu sai labari, da muka koma kotu ya rantse yana bayarwa duk wata kuma babu takarda ko ɗaya a hannunmu. Tun daga ranar ban ƙara yarda da "zan aiko" ba.

Abu ɗaya da za ki sani don kar ya zo maku ba zata, in uba zai ƙaura ya koma wani gari mai nisa sosai da niyyar zama, malaman Malikiyya sun ba shi damar tafiya da yaran sai in uwar za ta bi. Wasu na fakewa da wannan, to alƙali zai duba ko ƙaurar gaske ce ko dabara.

Kuma dan Allah kar wani ya je makaranta ko islamiyya ya ɗauke yaran da sunan ai haƙƙinmu ne. Haƙƙinku ne amma ta hannun kotu za ku karɓa, in ba haka ba gobe za a ce an sace yara, ku koma caji ofis ɗin da kuke ƙoƙarin fitowa.

Kaya kuma maganar gajera ce. Shi ya yi saki da kanshi bayan an zauna har da 'ya'ya biyu, sadaki ya zama nata gaba ɗaya, lefe kuma kyauta ce da aka ba ta don auren kuma auren an yi shi, zannuwan ma ai sun daɗe da tsufa. Inda ake maganar mayar da wani abu shi ne khul'i, wato in ita ce ta nemi rabuwa ba tare da ya cutar da ita ba, ta fanshi kanta, kuma wannan ba shi ne ya faru ba. Kayan ɗaki da iyayenku suka yi mata nata ne, ba shi da ikon kulle su. In aka yi jayayya a kan wani abu kuma babu shaida, ƙa'idar ita ce abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta, abin da aka saba na maza ne a ba namiji da tashi rantsuwar. Inda ake cijewa shi ne irin firij da talabijin da janareto, to ku nemo rasit, ko matan da suka yi jere, ko hotuna da bidiyon ranar jere, waɗannan hotunan da ake ɗauka don gayu sun sha ceton mutane. Ku rubuta jerin kayan tun yanzu, kuma ranar kwasa a je da wakilin kotu, kar ƙaninku ya leƙa ko ƙofar layin.

Shigar da ƙarar ba wuya, ita ƙanwar taki ce za ta je da kanta wajen rajistaran kotun shari'a ta yankin da suke, ta faɗi buƙatunta guda huɗu, tabbatar da saki, riƙon yara, ciyarwa, da kayanta, ta biya kuɗin ƙara ta karɓi rasit, a kai mashi sammaci. Ba dole sai da lauya ba, mata da yawa su kaɗai suke tsayawa kuma su yi nasara, amma tunda ga kes ɗin duka a gefe ni zan so ku samu wanda zai riƙe maku duka biyun. Ta roƙi alƙali tun zaman farko ya ba da umarnin a miƙa mata yaran kafin a gama shari'a, musamman ƙaramar. In hukunci bai yi daɗi ba akwai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta jiha, sai dai kwanakin a ƙidaye suke, ba a jinkiri.

In kuɗin lauya ne matsala, akwai Legal Aid Council da gwamnatin tarayya ta kafa don marasa hali, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke karɓar irin wannan na mata da yara, akwai reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA a nan Zariya, kuma tsangayar shari'a ta ABU da ke Kongo tana da asibitin shari'a inda ɗalibai ke ba da shawara kyauta a ƙarƙashin malamansu, daga Tudun Wada ma ko da ƙafa kya je. Amma gobe da sassafe Baba tukuna, ki tafi da katin shaidarki da hotonki ƙanana guda biyu, in yana shan maganin hawan jini ko na suga ki riƙe mashi, kuma ki sanar da ɗan sandan da ke kan kanta cewa yana da lalura, ki tabbatar ya rubuta.